Zanen aro ba ya rufe katara: mu fara rubuta mamatanmu

Bara, ana saura mako biyu a fara jarrabawa, wata ɗalibata ta yi kwana uku ba ta zo makaranta ba. Da na tambaya aka ce babanta ne ya rasu. Cikin dare ya cika a gida, aka yi masa wanka da safe, aka sallace shi bayan Azahar, kafin La'asar an dawo daga maƙabarta can bayan gari. Jama'a sun yi abin da ya kamata. Maƙwabta sun haɗa kuɗin likkafani da na mota, mata sun ɗora tukunya, aka yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. A wannan fannin babu wanda ya isa ya koya wa mutanen Zango komai.

Bayan wata takwas sai ga maman yarinyar a bakin ajina da leda cike da takardu. Ta ce, "Ticha, don Allah taimake ni. Marigayi yana da ɗan kuɗi a banki, wani kuma a wayarsa. Sun ce sai na kawo takardar shaidar mutuwa." Na ce, "Mma, ba a yanka ba tun lokacin?" Ta ce, "Wa ya tuna da takarda a ranar nan?" Muka zauna cika fom. Shekarunsa nawa? Yayansa ya ce sittin, ita ta ce bai wuce hamsin da biyu ba, katinsa kuma ya ce arba'in da bakwai. Me ya yi sanadi? Ciwon ajali. Ranar rasuwar ma sai da muka binciko ta a saƙon ta'aziyya na WhatsApp.

Wahalar da baiwar Allahn nan ta sha kaɗai ta isa dalilin wannan rubutu. Amma ni malamin lissafi ne, kuma abin da ya tsaya min a rai ya wuce kuɗin banki. Wannan mutumin ya rayu a Nima, ya yi aiki, ya haifi 'ya'ya, ya rasu, amma a littafin ƙasa wata takwas yana nan da ransa. Irinsa nawa ne? Kuma idan ba a san nawa ne suka rasu jiya ba, da me ake shirya wa gobe?

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, hasashen yawan mace-mace. Na san da jin haka wani zai ce a'uzubillahi, ai wannan shiga gaibu ne. A yi haƙuri a saurara. Babu masanin ƙididdiga da ya taɓa cewa ya san ranar da wane zai mutu. Wannan sanin na Allah ne shi kaɗai. Abin da suke tambaya shi ne: cikin mutum dubu masu shekara hamsin, kusan nawa ne ba za su kai baɗi ba? Ni ban san yaron da zai yi fashin makaranta ranar Litinin ba, amma rajistar ajina ta nuna min cewa duk ranar da aka wayi gari da ruwan sama kujeru da yawa za su zauna wayam. Mai sayar da waken safe a Maamobi ba ta san wanda zai zo saye ba, amma ta san mudu nawa za ta dafa. Ba duba ba ne, lura ce da abin da ya saba faruwa.

Da wannan hasashen ake yanke abubuwan da suka shafi aljihunmu da lafiyarmu. SSNIT tana buƙatar ta san shekara nawa ma'aikaci zai ci gaba da karɓar fansho bayan ya ajiye aiki yana da sittin. Kamfanin inshora da shi yake sa farashi. Gwamnati da shi take sanin ko ɗakin haihuwa za ta ƙara, ko wurin wankin ƙoda, ko ajujuwa. Idan lissafin ya karkace, kuɗin ma karkacewa zai yi.

Sana'ar ta tsufa. A 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-mace da ake fitarwa duk mako a birnin, ya nuna cewa akwai tsari a cikinsu. A 1693 Edmond Halley ya yi amfani da rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau ya tsara jadawalin da ke nuna mutum nawa ke kaiwa kowace shekara ta rayuwa. A lura, dukkansu da littafin da wasu suka zauna suka rubuta suka yi aiki.

Hanyar da ta fi shahara a zamaninmu ita ce wadda Ronald Lee da Lawrence Carter suka fitar a 1992. Sun ɗauki mace-macen Amurka na shekaru fiye da hamsin, suka raba su gida uku. Na farko, yanayin da aka saba: mutuwa tana da yawa a shekarar farko ta jariri, ta yi ƙasa sosai a yarinta, sannan ta riƙa hawa da tsufa. Na biyu, layi guda da ke nuna yadda mutuwa gaba ɗaya take raguwa shekara bayan shekara. Na uku, yadda kowane rukuni na shekaru yake cin moriyar wannan raguwar, domin abin da rigakafi ya yi wa jarirai ba shi ya yi wa tsofaffi ba. Sai suka ja layin nan na biyu zuwa gaba, suka yi hasashe har 2065.

To amma sai matsala ta fito. Idan aka yi wa kowace al'umma nata hasashen ita kaɗai, bayan shekaru masu yawa sai layukan su rabu rabuwar da hankali ba zai ɗauka ba. Maza su yi gabas, mata su yi yamma. Ƙasashe biyu maƙwabta masu magani iri ɗaya da abinci iri ɗaya, lissafi ya nuna ɗaya za ta yi wa ɗaya nisan da ba a taɓa gani ba. Shi ya sa a 2005 Nan Li da Ronald Lee suka kawo gyara. Suka ce a haɗa al'ummomin da suka yi kama da juna a rukuni guda, a fitar da babban layin da suke bi tare, sannan a ba kowace ɗan bambancinta, amma kada a bar bambancin ya yi ta faɗi har abada. Kamar tirotiro ne da suka taso daga Circle suka nufi Madina. Wata ta wuce wata, wata ta tsaya ɗaukar fasinja, amma hanya ɗaya ce, kuma idan go-silo ya kama, duk ya kama su. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a hasashenta na tsawon rai, tana amfani da abin da ya faru a ƙasashe da yawa don ta hango gaban kowace ƙasa.

Dabarar tana da kyau, kuma Bahaushe ya riga ya san ta: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tana da amfani musamman ga ƙaramar al'umma. A ce lungu ne mai mutum 200, bana aka rasa mutum ɗaya, baɗi aka rasa uku. Ba wai mutuwa ta ninka uku ba ne, adadin ne ya yi ƙanƙanta har ba ya tsayawa wuri ɗaya. Don haka masana sukan jawo lissafin ƙaramar al'umma kusa da na babba. Gwargwadon yawan bayanan da kake da su da ingancinsu, gwargwadon yadda za a saurari naka lissafin. Wanda ba shi da komai a rubuce kuwa, sai a ɗauko na jama'a a ɗora masa.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Babbar taskar bayanan mace-mace da masana suke gwada waɗannan hanyoyi a kanta, wadda Jami'ar California a Berkeley da cibiyar Max Planck ta Rostock a Jamus suka buɗe a 2002, tana ɗauke da ƙasashe kusan arba'in, babu ko ɗaya daga Afirka ta Yamma. Ba ƙiyayya ba ce. Sharaɗin shiga shi ne a ce kusan kowace mutuwa ana rubuta ta. A Ghana an fara rajistar mutuwa tun 1888 da dokar maƙabartu ta Turawan mulki, an yi doka a 1965, an sabunta ta a 2020 da doka mai lamba 1027, amma har yau waɗanda ake rubutawa ba su kai rabin waɗanda suke rasuwa ba.

To da me ake cike giɓin? Da aro. A 1966 Ansley Coale da Paul Demeny na Jami'ar Princeton suka tsara jadawalan da ƙasashe marasa rajista za su riƙa arowa. Sun gina su a kan jadawalai 192, mafi yawansu na Turai, suka kasa su gida huɗu: Arewa, Kudu, Gabas da Yamma. Sai a auna mutuwar yara a ƙasarka, a duba wane gida ya fi kama da kai, a karanto mutuwar manya daga can. William Brass kuma ya fito da dabarar tambayar mata: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? Daga amsar a lissafo mutuwar yara. Mutane ne masu basira, sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da suka samu. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Tsohon da ya girma da zazzaɓin cizon sauro da hayaƙin gawayi ba ɗaya yake da tsohon Suwidin ba. Ko a lokacin korona, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 14.9 ne suka ƙaru a kan mace-macen da aka saba a 2020 da 2021, alhali waɗanda aka ba da rahoto miliyan 5.4 ne, kason yawancin ƙasashen Afirka da lissafi aka fitar da shi, ba da ƙirgen gawa ba.

Gaskiya Ghana ba ta zauna haka kawai ba. Binciken lafiyar iyali na 1988 ya nuna yara 155 cikin 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar. Na 2022 ya nuna 40. Wannan babbar ni'ima ce, kuma da ba a ƙirga ba da ba mu san girmanta ba. A Navrongo da Kintampo da Dodowa akwai cibiyoyin bincike da ke bin gidaje suna rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, suna zama da iyalan mamaci suna tambayar yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, don likita ya gano sanadi. Ƙungiyar INDEPTH da ta haɗa irin waɗannan cibiyoyi na Afirka da Asiya, a nan Akra aka sa hedikwatarta. A Legon kuma akwai cibiyar nazarin yawan jama'a tun 1972. Ƙidayar 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta yi, wadda ta ce mu miliyan 30.8 ne kuma Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari, ta tambayi kowane gida ko an yi rasuwa a cikin wata goma sha biyu da suka wuce.

Amma a duba da kyau. Waɗancan cibiyoyi uku ba a cikin cunkoson birni irin namu suke ba. Binciken lafiyar iyali kuma samfuri ne. Zai gaya maka halin ƙasa da na jiha, ba na Nima ba. Idan aka ce "Greater Accra", an zuba East Legon da Cantonments da Nima da Maamobi da Sabon Zango a tukunya ɗaya an juya. Mutum ɗaya ya ci kaza biyu, ɗaya ya kwana da yunwa, lissafi ya ce kowa ya ci kaza ɗaya. Tsakaninmu da Kanda titi ɗaya ne kawai, amma wanda ya taɓa tsallake babban gatan Nima da damina ya san ba iska ɗaya muke shaƙa ba. A kwalarar 2014 da ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 240, Akra ce ta fi jin jiki, kuma kowa ya san unguwannin da ake layin banɗaki da layin famfo su ne a gaba.

Ba ina cewa komai namu ya fi na kowa muni ba. Wataƙila littafi ya nuna akwai inda muka fi wasu: ƙarancin shan giya, tsoho ba ya kwana shi kaɗai a ɗaki, mai jego ba ta rasa mai dafa mata ruwa. Wataƙila kuma ya nuna hawan jini da ciwon suga suna ɗauke mana iyaye maza tun suna da hamsin, ko okada tana cinye samari. Ko wanne ne, hanyar Li da Lee tana da gurbin da ake sa bambancin kowace al'umma. Namu gurbin babu kowa a ciki. Kuma idan gurbin ya zama wayam, lissafi zai ɗauka cewa muna tafiya daidai da kowa, ba mu da wata buƙata ta daban.

Me ya sa ba ma rubutawa? Ba jahilci ba ne, kuma ba na son mai cewa haka. Dalilai ne na gaske. Na farko, muna gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya koya mana. Wanda ya rasu daren Juma'a, wa zai ajiye shi har Litinin don ofis ya buɗe? Na biyu, tsoron mutuware da fiɗar gawa. Dokar binciken mutuwa ta 1960 ta ce mutuwar farat ɗaya ko wadda ba a san sanadinta ba sai an kai rahoto, don haka iyalai da yawa suka gwammace su yi shiru. Na uku, kuɗi da zirga-zirga a ranar da zuciya take a karye. Na huɗu kuma, wanda ba a cika faɗa ba: kakanninmu sun ga abin da takarda ta yi a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa. An kwashe gidaje a Zango, har da waɗanda a nan aka haife su. Wanda ya ga wannan, idan ya ga mai biro da fom a ƙofar gida, dole gabansa ya faɗi.

Na yarda da duk wannan. Amma darasin 1969 a wurina shi ne wanda ba shi da takarda shi aka fara ɗagawa. Ɓuya ba ta tsare kowa ba. Kuma ko waɗanda aka karɓo musu takardar izinin binnewa don a kai su Awudome, sau nawa ake faɗin shekarun gaskiya? Duk tsohon da ya yi furfura sai a ce ya kai ɗari. Masu ƙididdiga sun san wannan cutar, shekaru suna taruwa a kan 50, 60, 70, kamar ba a mutuwa da 63. Jaririn da ya koma kafin suna kuwa, sau da yawa ba haihuwarsa a rubuce, ba rasuwarsa. Wanda ciwo ya tsananta aka mai da shi gida arewa ya cika a can, Nima ta ba shi ciwon amma ba a sunanta za a rubuta ba.

Kada kuma wani ya ce rubuta mamata al'adar Nasara ce. Sayyidina Umar ne ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane don a raba musu haƙƙinsu daga baitulmali. Malaman hadisi sun kiyaye shekarun rasuwar maruwaita don su gane wanda ya riski wane. Ibn Khallikan ya tsara babban littafinsa na tarihin manyan mutane a kan waɗanda ya tabbatar da lokacin rasuwarsu. A ƙasar nan ma, malaman Gonja sun rubuta Kitab Ghanja tun ƙarni na 18, shekara bayan shekara, da rasuwar sarakuna da malamai. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi rubutu a kan annobar murar 1918, wadda masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta ta kashe aƙalla mutum 100,000 a wannan ƙasa. Mu jikokin masu tawada da alƙalami ne. Yaushe muka ajiye?

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Kowane masallacin da ake sallar jana'iza ya ajiye littafi guda. Suna, namiji ko mace, shekaru kamar yadda takarda ta nuna, ranar rasuwa, lungun da yake zaune, a gida ko a asibiti, da ciwon da aka sani. Idan mace ce, a rubuta ko tana da ciki ko tana cikin jego. Likitoci suna ƙirga kwana 42 bayan haihuwa, kusan arba'in ɗinmu ke nan. Jariri ma a rubuta shi, ko da awa ɗaya ya yi a duniya. Na'ibin liman ko wani matashi mai karatu zai iya wannan a minti biyar. Littafin ya zauna a hannun amintacce, sunaye ba na yaɗawa ba ne, adadi kawai za a fitar.

Littafin masallaci ba zai maye gurbin rajistar gwamnati ba. Don haka a kowace rasuwa, kamar yadda ake sa mai sayo likkafani da mai zuwa haƙa kabari, a sa mutum ɗaya wanda aikinsa takarda ne kawai, daga shaidar likita har takardar shaidar mutuwa ta fito. Marayu za su gode masa wata rana.

Ga hukuma kuma: majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa su zauna da ofishin rajistar haihuwa da mutuwa da ofishin Babban Limamin ƙasa, a samar da jami'in da za a iya samu da yamma da ranakun hutu. Al'ummar da ke binne mamacinta cikin awanni ba za a yi mata rajista da agogon wanda ke ajiye gawa wata uku ba. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya gina ajujuwa da filayen ƙwallo. Ya sa wani abu a nan ma. Sannan Hukumar Ƙididdiga ta riƙa fitar da adadin unguwa unguwa, da harshen da za mu gane.

Mu malamai kuma namu yana aji. Yaron da ya iya fitar da kashi cikin ɗari zai iya riƙe littafin masallacin lungunsu. Kuma mu daina taya iyaye rage wa yara shekaru a fom. Ƙaryar da aka yi a aji ɗaya ita ce take bin mutum har takardar mutuwarsa.

Maman ɗalibar nan ta samu takardar daga ƙarshe, bayan rantsuwa a gaban hukuma da sawu da ba su ƙirguwa. Shekarun da aka rubuta na kati ne, arba'in da bakwai, kuma dukkanmu mun san ba daidai ba ne. Haka zai shiga lissafin ƙasa, a matsayin mutumin da ya rasu da ƙuruciyar da ba tasa ba. Mun yi masa wanka, mun yi masa salla, mun raka shi. Saura abu ɗaya da ba mu yi masa daidai ba, kuma wannan ba don shi ba ne, don 'yarsa ce da take zaune a layi na biyu a ajina.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen.